KIWON KAJI DA YANKA SU A MA'AUNIN SHARI'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana dabbobi da tsuntsaye, Ya halatta mana tsarkakan abinci, Ya hana mu ƙazantattu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Abin da ya jawo zancenmu na wannan mako wata takarda ce da wata baiwar Allah ta aiko wa wannan fili daga ƙauye. Ta ce maigidanta ya tafi cin rani, ya bar ta da yara da 'yan kajinta. Ran nan da hantsi mai babur ya buge mata wani ƙaton zakara da ta ke tattali domin Sallah. Zakaran ya faɗi yana shure-shure. Ta tura yaro a guje ya nemo namijin da zai yanka, aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ce, mazan unguwa duk sun fita. Kafin yaro ya komo da wani tsoho, zakara ya sandare, aka ja shi aka yar a juji. Tambayarta ita ce, da ta sa wuƙa ta yanka da hannunta, da naman ya halatta?

Amsa a taƙaice ita ce, i, da ya halatta, muddin dai bugun bai kai ga makasarsa ba, kamar yadda bayani zai zo. Amma tun da wannan tambaya ta taɓo abin da ya shafi kusan kowane gida a ƙasar nan, gara mu bi zancen tun daga akurki har zuwa tukunya, gama jahilcin hukunci guda ɗaya ya sa wannan baiwar Allah ta yi hasarar kiwon wata shida.

MATSAYIN KAZA

Jama'a sun raina kaza domin ƙanƙantarta, alhali kuwa ita ce asusun talaka. Da ita a ke karrama baƙo, da ita a ke jinyar mai jego, ita a ke kai wa kasuwa ran da yaro ya kwanta ciwo ko aka nemi kuɗin makaranta. Shari'a kuwa ba ta raina ta ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata rana an kawo wa Abu Musa Al'ash'ari, Allah Ya yarda da shi, abinci da naman kaza, sai wani mutum ya janye jikinsa, ya ce shi ya taɓa ganin kaza tana cin ƙazanta ya ƙyamace ta. Abu Musa ya kira shi ya matso, ya shaida masa cewa shi da idonsa ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cin naman kaza. A hadisin falalar sammakon zuwa Juma'a kuma an kwatanta ladar wanda ya zo a sa'a ta huɗu da ta wanda ya yi sadakar kaza, na sa'a ta biyar kuwa da wanda ya ba da ƙwai. Har wa yau Abu Dawuda ya ruwaito hani ga zagin zakara, domin shi ke tayar da mutane salla. Tsuntsun da aka ambace shi haka a bakin Fiyayyen halitta, lalle akwai hukunci a kan yadda za a riƙe shi.

HAƘƘINTA A KAN MAI KIWO

Duk ran da mutum ya kulle shi a gidansa ya zama amana a wuyansa. Kowa ya san hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwa, ta tsare ta ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. To, mene ne bambancin wannan da mutumin da zai rufe kaji a akurki ya tafi unguwa yini guda, kasko ba ruwa, a tsakiyar bazara? Kajin Hausa da a ke saki su yi tono sun fi samun sauƙi, gama suna neman rabin abincinsu da kansu. Kajin gidan gona kuwa, irin na nama waɗanda su ke isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, ba su san komi ba sai abin da aka zuba musu. Zafi na kashe su, cunkoso na kashe su, kuma in kashinsu ya taru ya jiƙe warinsa na lalata musu ido da huhu. Wanda ya sayi 'yan tsaki hamsin alhali ɗakinsa na ashirin ne, ya cuci aljihunsa, ya kuma ɗauki alhaki.

Haka nan abin da mu ke gani a hanyar kasuwa: a ɗaure ƙafafun kaji goma da igiya ɗaya, a rataya a bayan babur kawunansu na lilo kusa da salansa, ko a karya musu fiffike don kada su tsere. Wannan azabtarwa ce ba tare da larura ba, ga kwando ga keji. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa wucewa ya tarar da waɗansu samari sun kafa kaza suna harbinta da kibau. Da suka hango shi suka watse, shi kuwa ya shaida musu cewa Manzon Allah ya la'anci mai aikata haka. Iyaye su lura da wannan, su hana yara jifar kaji da haɗa zakaru faɗa don nishaɗi.

Rigakafi ma yana cikin haƙƙi. Kowane makiyayi ya san annobar nan da ke share akurki da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Allah Ya sa an sami rigakafinta, har Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin sa a ƙasar nan. Wanda ya ƙi nema ya ce ai ya dogara ga Allah, bai fahimci tawakkali ba, gama riƙon sababi umarni ne.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Kazarka ba ta da izinin cin shanyar maƙwabci. Karin maganar nan ta kaza ci ki goge baki, ita kaza aka yafe wa, mai ita kuwa ana binsa bashi, ko ya biya ko ya nemi yafiya. Sa'an nan a gidajenmu da yawa kajin na matan gida ne, da guminsu suka saya suka yi kiwo. Bai halatta maigida ya kama kazar matarsa ya yanka wa baƙonsa ba sai da yardarta. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma bisimillar da aka yi a kan wuƙa ba ta wanke ƙwace.

KAZA MAI CIN NAJASA

Sau da yawa a kan tambaya game da kazar da ke yawo a bayan gida da kwata. A mazhabarmu ta Imamu Malik cin namanta da ƙwanta ya halatta. Sai dai kashinta najasa ne, saɓanin kashin wadda ke cin tsaba da dusa, shi kam mai tsarki ne kamar na sauran dabbobin da a ke cin namansu. Saboda haka wanda kajinsa ke shiga ko'ina ya kiyaye wurin sallarsa, ya kuma rufe butarsa da randarsa, domin alwala da sauran ruwan da irin wannan kaza ta sha makaruhi ce in akwai wani ruwan. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya kan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin ya yanka. Wanda ya yi koyi da shi, ya killace ta yana ba ta hatsi da ruwa mai kyau, ya fita daga saɓanin malamai, ya kuma sami nama mai daɗi.

YADDA A KE YANKA

Yanka ibada ce mai sharuɗɗa, malamanmu sun shimfiɗa su a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsu. Da fari mai yanka ya yi niyyar halatta naman. Wanda ya sare wuyan kaza cikin fushi don ta ɓarar masa da gari bai yi yanka ba. Sa'an nan ya ambaci sunan Allah, ya ce bismillahi Allahu akbar. Aya ta 121 ta Suratul An'am ta hana cin abin da ba a ambaci sunan Allah a kansa ba. Wanda ya manta, a ci yankansa. Wanda ya bari da gangan kuwa, ba a ci. Mai yanka kaji da yawa a jere, kowace ya yi mata tata bisimilla.

Abin da ya wajaba a yanke shi ne maƙogwaro duka, da jijiyoyin jini biyu da ke gefensa dama da hagu, a kuma faro daga gaba. Abin da aka yanka ta ƙeya ba a cinsa, domin wuƙa ta riga ta tsinke laka kafin ta kai ga mayanka, ya zama an kashe kafin a yanka. A lura kuma zakaran wuya, watau ƙullin nan na kan maƙogwaro, ya koma ta wajen kai. In wuƙa ta bi ta samansa har ya koma wajen gangar jiki, magana mafi shahara a mazhaba ita ce ba a ci, gama ba a yanke maƙogwaro ba. Wuyan kaza siriri ne, fatarsa na zamewa, shi ya sa masu gaggawa su kan yi wannan kuskure. Maganinsa a miƙe wuyan, a laluba ƙullin da yatsa a danne shi wajen kai, a ɗan share gashin wurin, sa'an nan a sa wuƙa a ƙasansa.

Kada kuma ya ɗage hannunsa sai ya gama. Wanda ya yanke sashi ya saki, kaza ta tashi tana tsalle da jini, aka daɗe kana aka kamo ta aka ƙarasa, to ta zama mushe. In ko hannu ya zame ne ya mayar nan take, masu sharhi sun ce a ci. Wanda ya zarce har ya cire kai gaba ɗaya ya munana aiki, amma naman ya halatta. Fuskantar da ita alƙibla abin so ne, wanda ya manta ba ya ɓata yanka.

Game da abin yanka, hadisin Rafi'u ɗan Hadij ya nuna cewa duk abin da zai zubar da jini da kaifinsa ya isa, ban da haƙori da farce. Saboda haka murɗe wuya, ko fizge kai da hannu, ba yanka ba ne ko an yi bisimilla dubu. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi kuwa, wanda Muslim ya ruwaito, shi ne na 17 cikin Arba'una ta Nawawi da yaranmu ke haddacewa, ya koyar da cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kome har a wajen yanka, mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wuƙar da aka yini ana yankan kubewa da ita ba ta cancanci wuyan mai rai ba sai an kai ta ga dutse. A wasa ta a ɓoye, a kuma kauce da wadda za a yanka daga idon 'yan'uwanta. A taka ƙafafu da fikafikai a hankali gwargwadon yadda ba za ta kuɓuce ba, ban da karya ƙashi. Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Gaskiya ne, amma wanda ya ciyar da ita wata da watanni shi ya fi cancanta ya sauƙaƙa mata.

YANKAN MACE

Yanzu mu komo ga mai tambaya. Al'ada ce kawai ta sa mata ba sa yanka a ƙasar nan. Buhari ya ruwaito, Imamu Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa, cewa wata kuyangar Ka'abu ɗan Malik tana kiwo a dutsen Sal'u na Madina, sai ta ga ɗaya daga cikin dabbobin za ta mutu. Ta fasa dutse ta yanka ta da kaifinsa. Aka tambayi Manzon Allah, ya yi umarni a ci. Dubi fa, mace ce, ba ta jira kowa ba, wuƙa ma ba ta da ita. Daga nan malamai suka ce yankan mace ya inganta ko da tana cikin haila, haka na yaro mai wayo wanda ya san yadda a ke yi, haka na bahago. Wanda yankansa bai inganta ba shi ne mahaukaci, da wanda maye ya gusar wa hankali, da matsafi. Laifin hasarar wannan baiwar Allah yana kan mu maza da ba mu koyar ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen da suka wajaba a kansu. Kowane maigida ya nuna wa iyalinsa yadda a ke yanka kafin ranar buƙata ta zo.

Sai dai akwai iyaka. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta mushe, da abin da aka shaƙe, da wanda aka buge, da wanda ya faɗo, da wanda aka tunkuya, da wanda naman daji ya ci, ta kuma togace abin da aka riska aka yanka. Malamanmu suka bayyana cewa yanka ba ya amfani in rauni ya kai ga ɗayan makasa biyar: tsinkewar laka, da zubar ƙwaƙwalwa, da zubar kayan ciki, da tsagewar jijiyar wuya, da hujewar hanji. Kazar da muzuru ya farke wa ciki, ko mota ta fasa wa kai, ko tana numfashi ta riga ta tafi. Wadda ta karye a ƙafa ko fiffike, ko ta suma don bugu, a gaggauta yanka ta. In ta yi motsi mai ƙarfi wajen yanka, kamar shure ƙafa ko bugun fiffike, ta halatta.

BAYAN YANKA

A bar ta har ta daina motsi sarai. Makaruhi ne a fara figa ko yankan gaɓa tun rai bai gama fita ba. Mafi muni shi ne abin da waɗansu masu figa ke yi ranar jajibere saboda yawan aiki, su yanka su jefa cikin ruwan zafi tana sauran shure-shure. Wannan azaba ce a kan azaba. Sa'an nan jinin da ya kwarara wajen yanka najasa ne, a wanke mayankar kafin a tsoma. Ruwan figa kuma mai zafi a ke so wanda bai tafasa ba, wajen digiri 55 zuwa 60, a tsoma a juya a fitar da zarar gashin fiffike ya fara cirewa da sauƙi. In aka bar ta cikin tafasasshen ruwa mai jini har fata ta dahu, an shiga wurin da malamai suka yi maganar naman da ya sha najasa, ga shi kuma fatar ta saɓule. Masu kiwo sun san cewa in aka janye abinci wajen awa 8 zuwa 12 kafin yanka, aka bar ruwa kawai, hanji zai zama ba nauyi, ba zai fashe ya ɓata nama ba. A cire kayan ciki a hankali, a kiyaye matsarmama, a tsaga ƙundu a wanke, a binne jini da gashi nesa da rijiya da ƙofar maƙwabci.

CINIKI DA AMANA

Mai kiwo don sayarwa ya ji tsoron Allah a kan abu biyu. Na ɗaya mushe. Manzon Allah ya bayyana haramcin sayar da mushe a Makka shekarar da aka buɗe ta. Wanda ya tashi da safe ya tarar da kaji uku sun mutu, ya sa musu wuƙa a wuya don a ga alamar yanka, ya fige ya kai wa mai tsire ko mai abinci, ya ci haram, ya kuma ciyar da Musulmi mushe ba su sani ba. Na biyu marar lafiya. Kazar da aka riska da rai tana iya halatta ta fuskar yanka, ta haramta ta fuskar cuta. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji cikin Jihar Kaduna, shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka, a farkon 2007 kuma aka tabbatar ta kashe wata mata a Legas. In kaji suka fara zubewa da yawa a lokaci ɗaya, wajibi ne a sanar da ma'aikatan dabbobi, a binne matattun da zurfi, a hana yara taɓa su. Gaggawar kai sauran kasuwa don rage hasara ha'inci ne, kuma kai annoba ne gidajen mutane. Haka nan kazar da ke kan magani, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin takardar maganin waɗanda za a jira kafin a yanka, a cika su.

ABU BIYU DA A KE RIKITAWA

Kaza ba ta isar wa layya, ba ta kuwa isar wa yankan suna, waɗannan sai dabbobin ni'ima, watau raƙumi da saniya da tunkiya da akuya. Wanda bai sami iko ba, babu laifi a kansa, ya yanka zakaransa yara su ci nama su yi murna, yana da ladar ciyar da iyali, amma kada ya ƙudurta cewa layya ya yi. Kaji kuma ba su da zakkar ƙidaya irin ta awaki, sai dai in kiwon na kasuwa ne, kuɗin su shiga hukuncin zakkar dukiya in sun kai nisabi shekara ta kewayo.

Abu na biyu shi ne mafi haɗari duka. Boka ya ce a kawo baƙar kaza ko jan zakara a yanka a mararraba, ko a gindin tsamiya, ko a kan tushen sabon gini don a ba mutanen ɓoye jini. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Allah Ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Irin wannan yanka na duwatsu da itatuwa yana cikin abin da Shehu Usmanu ya yaƙa da alƙalaminsa da harshensa. Naman haram ne, aikin kuwa shirka ne ko an ambaci sunan Allah a baki, gama abin lura shi ne wanda zuciya ta nufa da jinin. Kada araha ta kaza ta ruɗi mutum ya sayar da imaninsa.

Ke kuma baiwar Allah da kika yi tambaya, Allah Ya mayar miki da mafi alherin abin da kika rasa, kin kuma yi daidai da kika yar da mushen ba ki dafa wa yara ba. Nan gaba ki ajiye wuƙa mai kaifi a inda hannu zai kai, ki koya wa maƙwabtanki abin da kika ji.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haram, Ya sa albarka cikin kiwonmu da nomanmu, Ya gafarta mana abin da muka yi cikin rashin sani. Allah Shi ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.